Ɗaurin Babana a Jirgin Ceto

Ni ɗan Yauri ne, a bakin kogi na tashi, kuma ban taɓa zaton sai na zo garin Sterling a ƙasar Turawa da furfura a gemu za a koya mini ɗaure jirgi ba.

Tuƙin mota nake yi a filin jirgin sama. Ranakun hutu kuwa ina aikin sa-kai da 'yan kwana-kwanan unguwarmu. Kusa da mu akwai tafki inda ake kamun kifi da yawo a kwalekwale. A da, jirgin ruwanmu na ceto a kan 'yar tirelar da ake ja da mota yake zama a tashar kwana-kwana. In an kira, sai a maƙala shi a mota, a kutsa cunkoso, a yi ta baya-baya har ya shiga ruwa. Wata bazara wani mutum ya faɗa tafkin, muka isa a makare. Ni na kamo hannun mutumin, sanyi ƙalau, ba motsi. Tun ranar na zame musu ƙarfen ƙafa. Duk taron da aka yi sai na miƙe da Turancina mai gargada na ce wurin jirgi ruwa ne. Har dai aka kafa masa matsaya ta katako a bakin tafkin.

Ranar da aka kai shi ni na karɓe igiya, ina hura hanci. Babana masunci ne, kuma a wurinsa kwalekwale shi ne cin gida, don haka ɗauri yake masa wanda ambaliya da ɓarawo duk sai sun haƙura. Irinsa na yi. Na naɗa, na ƙulla, na sake ƙullawa, na taka da ƙafa na tsuke.

Bayan kwana uku aka yi atisaye. Aka jefa mutum-mutumin roba a tsakiyar tafki, kyaftin ɗinmu, wata mace marar yawan magana, ta busa usur, muka ruga. Ashe igiya ta sha ruwa ta kumbura. Na sa farce, na sa haƙori, ƙulli ko gezau. Kyaftin ta zaro wuƙa ta datse igiyar. Da muka dawo ta ja ni gefe ta ce, "Da mutum ne, da ƙullinka ya kashe shi." Kunya ta kama ni, haushin kaina ma ya fi kunyar. Na shekara ina faɗa a kan mintoci, ga shi ni na cinye su da hannuna.

Nasu ɗaurin a kan wani ƙarfe mai ƙaho biyu ake yi: a zagaya, a gitta, a juya bakin igiya. Yana riƙewa, amma nan take yake warwarewa. Kaina ya gane, hannuna ya ƙi. Da na ɗan sha'afa sai ya koma na Baba. Na samo irin ƙarfen na kafa a jikin katako, na ajiye a falo, kullum bayan la'asar ina ɗaurewa ina kwancewa.

Matata ta ce, "Maigida, wai katakon nan guduwa zai yi ne?"

Na ce, "Hannun nan nake wa horo."

"Hannun da ya tsufa da halinsa?"

"Zai koya, ko yana so ko ba ya so."

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Ji nake kamar ina goge Baba daga yatsuna. Sai in ce Allah ya jiƙansa, in ci gaba. Shi jirginsa tsarewa yake so, namu kuwa tashi.

Da sanyi ya fara shigowa, wata Asabar da rana, aka kira mu: kwalekwale ya kife da wani dattijo mai kamun kifi. Ban ma san lokacin da na kwance igiyar ba, sai ganinta na yi a hannuna, injin yana ruri. Muka same shi rungume da gindin kwalekwalen, ruwa na dukan haɓarsa, idonsa ya fara lumshewa. Na kwanta a bakin jirgi na miƙa hannu na kamo nasa.

Sanyi ƙalau, kamar na wancan. Sai yatsunsa suka damƙe wuyan hannuna, damƙar da shatinta ya kwana biyu bai ɓace ba.