Shekarar Da Matata Ta Yi Haske

Duk faɗin Jibiya, daga bakin tasha har shingen duwan, wato kwastan na kan iyaka, ba a yi magidancin da ya iya kiwon mace kamata ba. Haka nake faɗa a lokacin, da ƙarfi kuma, don mutanen Maraɗi su jiyo.

Shekarun da kuɗin mai ya malalo ne, babbar yunwar nan ba ta daɗe da sakinmu ba. Ina jan mota, in tsallaka iyaka da gangunan fetur, in dawo aljihu yana rinjayata gefe guda. Sai na kafa doka a gidana: abin da muka ci a yunwa ba zai sake ƙetare zaure ba. Zogale, rama, tafasa, har furar gero na sallame su. Sai shinkafa 'yar waje fara tas, burodi, shayi da lemon kwalba. Nama kuwa a tasha ake cinsa, cikin maza.

Matata tana ɗauke da cikin farko, irin wanda kunya ba ta barin a ambata. Da ya tsufa sai ta fara haske. Baƙa ce wuluk na auro, ga ta tana komawa kamar Balarabiya. Fuska ta cika, ƙafa ta ƙi shiga takalmi. In ta ɗauko buta sai ta zauna tana haki, ni kuma in ce hutu ne ya kama ta. Na gaya wa 'yan tasha cewa in aka ƙara wata biyu, sai an ba ta fasfo kafin a yarda 'yar ƙauyen Mazanya ce.

Ranar kasuwa kakarta ta zo. Ungozoma ce, abokiyar wasata, angonta take ce mini. Na tare ta tun daga zaure.

"Tsohuwa, shigo ki ga aikin miji. Naki ya taɓa yi miki haka?"

Ta wuce kai tsaye wurin matata. Ta janyo fatar idon jikarta ƙasa, cikin fari fat kamar auduga. Ta danna babban yatsa a ƙwaurinta, ta ɗauke, ramin ya tsaya bai ciko ba.

"Angona, wagga ba ƙiba ba ta, kumburi na. Jini ya ƙare mata. Tada motarka."

A asibitin Katsina malamar jinya ta ce zazzaɓi ya sha jinin, ciki ya sha, abinci bai mayar ba. In naƙuda ta same ta a haka, zuciyar ba za ta ɗauka ba. Aka nemi jini. Na miƙa hannu na ce su kawo ganga. Kwalba guda suka ɗiba, na ga rufin ɗakin yana juyawa. Yayanta ya ba da ta biyu, ya tashi ya tafi sallar la'asar abinsa.

Ta rayu. Amma yaron bai jira lokacinsa ba, ya zo bakwaini, kukansa kamar na ɗan mage, nono ma sai an matsa masa a baki. Tsohuwa ta tare a gidana, ta rushe dokata ba tare da ta nemi izini ba. Kwaɗon zogale da ƙuli, hanta, wake, fura da nono. Hasken ya gushe a hankali, matata ta koma baƙarta.

Ranar suna na yanka rago mai kama da ɗan maraƙi. Da aka watse na shiga ciki, na tarar da yaron a tafin tsohuwa, cikin zane ninki uku.

"To, amarya, ko ba komai an ga gidan wadata yau."

Ta ɗan ɗaga shi a hannu, kamar mai auna tsaba.

"Angona, a shekarar yunwa na karɓi haihuwar 'ya'yan masu cin tafasa. Duk sun fi wanga nauyi."