Babur Ɗin da Muka Jira a Kan Dutse

Ko tsufa zai kwashe min komai daga ka, akwai wata Asabar guda da ba zai iya ɗauka ba, ranar da na zaunar da surukina a tsakiyar dutse muna jiran babur. Shekaru sun ja, amma har gobe in abin ya faɗo min ina cikin mutane sai na sunkuyar da kai ina dariya ni kaɗai.

A lokacin na daɗe a Jidda, ina zaune a Waziriyya, ina aikin lodi a wani sito a Madinar Masana'antu. Larabcina na sito ne da kasuwa: yalla, halas, bukra in sha Allah. Amma da yake a rashin uwa ake uwar ɗaki, duk ɗan'uwan da ya samu matsala da kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, ko maganar iƙama, takardar zama, ni ake nema in yi tafinta. Abin da na ji in fassara, abin da ban ji ba in cike da nawa. Ba wanda ya taɓa kama ni, sai kai ya kumbura.

Ana haka mahaifin matata ya zo umra, ya sauka gidanmu kafin ranar jirginsa. Dattijo ne siriri, mutumin Kwatarkwashi, ba ya yawan magana. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa yabona ba, bai kuma taɓa kushe ni ba. Kallona kawai yake, irin kallon da ake wa buhun da ba a san abin da ke cikinsa ba. Ni kuwa ba ni da buri a duniya irin dattijon nan ya koma gida yana cewa 'yarsa tana hannun mutum.

Da ya kwana biyar a ɗaki, sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya ishe shi, ya ce min, "Malam, garin nan naku babu dutse ne? Duk inda na duba a shimfiɗe kamar faifai."

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Balaraben da ke kula da sitonmu shi ne jagoran wasu masu hawan dutse, duk ƙarshen mako a lokacin sanyi suna tafiya duwatsun hanyar Ɗa'ifa. Na roƙe shi, ya ce mu zo. Ni da ko benen gidanmu in na hau sai na tsaya hutawa a tsakiya, na dawo gida ina ba da labari kamar a kan dutse aka yanke min cibi. Matata ta raka mu bakin ƙofa da asuba ta ce, "Baban yara, jirgin Baba jibi ne. Yadda ka ɗauke shi haka za ka dawo min da shi." Na ce, "Haba, kin manta da wa kike magana ne?"

Mun isa gindin dutsen da hantsi. Mutanen duk sun sha takalma masu kaushin ƙasa, ga sanduna, ga jakunkunan goyo. Ni kuma farar jallabiya na sa da takalmin zuwa ɗaurin aure. Baba ya zo da takalmin roba da rawaninsa da wani tsohon bargo a kafaɗa. Na lallaɓa na ce ya bar bargon a mota, don wallahi kunyarsa nake ji a gaban Larabawa. Ya dube ni, ya dubi dutsen, ya gyara wa bargonsa zama.

Jagoran ya tara mu ya ƙirga kawuna, ya shiga bayani da sauri kamar ana korarsa. Cikin duk abin da ya zuba, kalma huɗu na cafke: ruwa, birai, la'asar, da dabab. Wannan ta ƙarshen ce ta yi min daɗi, domin kowa a Jidda ya san dabbab, babur ke nan. Baba ya taɓa ni ya ce, "Me yake cewa?"

Na gyara murya na ce, "Cewa ya yi a sha ruwa, kar a ba birai abinci. Wanda kuma ya gaji ya zauna abinsa, bayan la'asar babur zai zo ya kwashe shi."

Baba ya ɗaga kai ya bi hanyar da kallo, wata 'yar siririya da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi ta. Ya ce, "Babur? A nan?"

Na ce, "Baba, ai nan Saudiyya ce."

Aka fara hawa. Tun kafin azahar na gane na ɗebo ruwan dafa kaina. Numfashina yana fita da ƙara, takalmin biki yana santsi. Baba kuwa yana gaba, hannu a baya, yana taka duwatsun nan kamar zai je gaida maƙwabci. Ashe tun yana ƙarami a dutsen garinsu ya yi kiwon awaki, ni ban taɓa tambaya ba. Da muka yi azahar a wani fili mai 'yar bishiya, na san in na ƙara taku goma gawata za a sauko da ita. Amma in buɗe baki a gaban surukina in ce na gaji? Gara a yanka ni. Sai na ja jagoran gefe na ce masa da Larabci, "Tsohon nan ya gaji, zan tsaya da shi."

Bawan Allah ya tausaya. Ya nuna min shuɗin fentin da aka ɗiga a jikin duwatsu har ƙasa, ya yi wani dogon jawabi, na sake jin la'asar da dabab a ciki. Ya ce, "Fahamt?" Na ce, "Aiwa, fahamt." Su suka wuce, za su zagaya su sauka ta ɗaya gefen zuwa wajen motoci. Na dawo na gaya wa Baba wai an ce daga nan sama sai masu takardar izini.

Muka zauna. Yunwa ta taso min, ga shi ba a cin abinci a gaban suruki. Na zagaya bayan wani dutse da ledar burodi da dabino, na tsuguna, na yi bisimilla. Ban kai loma ta biyu ba wani ƙaton biri ya diro gabana, ya dube ni ido cikin ido, ya karɓi ledar kamar dama ajiya ya ba ni. Na dawo ina kakkaɓe hannu. Baba ya ce, "Har ka gama?" Na ce alhamdu lillahi.

Can Baba ya shaƙi iska ya ce, "Malam, iskar nan ta sauya. Mu sauka da ƙafarmu." Na ce ya yi haƙuri, mutanen nan ba sa saɓa alkawari. Ya gyara zama ya jingina da bishiyar.

Muna idar da la'asar na leƙa kwarin da ke ƙasa, sai na ga wani farin abu yana tasowa. Ni a sanina gajimare daga sama yake zuwa, wannan kuwa daga ƙasa yake hawowa, kuma da sauri. Kafin in gama mamaki ya shafe kwarin, ya shafe shuɗin fentin, ya shafe bishiyar da muke jingine da ita. Na miƙa hannu ban ga yatsuna sosai ba. Sanyi ya ratsa jallabiyar nan har ƙashi, wayata babu layi ko ɗigo. Duk da haka bakina bai mutu ba, na ce, "Ina jin hazon nan ne ya tsare mai babur ɗin."

Da shirun ya yi yawa, tsoro na gaske ya kama ni. Na tuna maganar matata a bakin ƙofa, na zabura na ce mu gudu mu sauka. Taku biyu na yi takalmin ya kwashe ni, na ji tsakuwa tana gangarawa, ban ji inda ta tsaya ba. Hannun Baba ne ya damƙi wuyan rigata ya dawo da ni. Ya ce, "Zauna. A kan dutse, wanda bai ga ƙafarsa ba ba ya takawa."

Ya warware rawaninsa ya ɗaure ƙuguna da nasa, ya buɗe bargon nan da na raina ya lulluɓe mu tare. Ni da ko inuwarsa nake kauce wa, ga ni manne da haƙarƙarin surukina, haƙorana suna kaɗawa a kunnensa. Daga nan ya miƙe zaune, ya sa hannu a kunne ya rangaɗa kiran salla. Ya huta, ya sake. Ban taɓa sanin ƙirjin nan siriri yana ɗauke da murya haka ba. Na ce, "Baba, ai magariba ba ta yi ba." Ya ce, "Na sani. Masu nemanmu nake kira."

A kira na biyar ko na shida muka ji usur daga ƙasa. Ashe da suka isa motoci jagoran ya sake ƙirga, ya ga babu mutum biyu, ya ce ba motar da za ta motsa. Mutum shida suka biyo shi, riƙe da igiya guda, suna hawowa a hankali da fitilu suna bin muryar Baba. Mutanen da ko sunanmu ba su sani ba.

Jagoran yana isowa ya rufe ni da faɗa. Ni ma da na ga na tsira sai na samu baki, na ce, "Fen dabbab?" wato ina babur ɗin. Ya buɗe hannuwa yana nuna farin abin da ya kewaye mu, ya ce, "Haza dabab, ya shekh!" Sai wani daga baya ya fashe da dariya, sauran suka ɗauka, har igiyar tana girgiza.

Cikinsu akwai wata Bahaushiya haifaffiyar Jidda, Hausarta a karye take amma tana isar da saƙo. Ta durƙusa ta ce, "Baba, shi ya ce hazo yana zuwa bayan la'asar, ku sauka da wuri. Dabab hazo, dabbab babur. Wannan ya ji babur." Ta miƙa masa shayi mai zafi ta ƙara da cewa, "Sannu Baba. Ya ce mana kai ka gaji."

Baba ya tsaya da kofin a hannu. "Ni na gaji?"

Da dutsen nan zai tsage a lokacin, da na shige na ja ƙofa. Aka sa mu tsakiya aka sauko da mu a hankali, ni da aron sanda da aron rigar sanyi. Har muka iso Jidda ina ta lissafin yadda labarin zai riga jirgin Baba isa Kwatarkwashi.

Matata na ganin jallabiyata ta dafe ƙirji ta ce, "Me ya faru? Baba, lafiya?" Na buɗe baki zan fara kame-kame. Sai na ji Baba ya ce, "Lafiya lau. Tsufa ne, na gaji a hanya, mijinki ya ƙi tafiya ya bar ni." Ta dube ni da wani irin kallo na godiya wanda ya fi mari zafi.

Da ta shiga ɗauko abinci, ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, Larabcin da ba ka ji ba bai dame ni ba, ba harshen uwarka ba ne. Amma 'na gaji' da 'ban gane ba' ba su taɓa kashe namiji ba. Rashin faɗinsu ne ya kusa kashe biyu yau."

Har Baba ya koma ga Allah bai gaya wa 'yarsa gaskiyar abin ba. Ni na gaya mata da bakina bayan an share makoki, ta yi dariya har ta koma kuka, ni ma na taya ta. Abin da na tsinta a dutsen nan shi ne, mai jin kunyar ya ce bai gane ba, ba kansa kaɗai yake jefawa rami ba, har da wanda ya yarda da shi. Yanzu in an kira ni tafinta aka faɗi abin da ya shige min duhu, ko a gaban wa ne sai in ce a maimaita, ban ji ba.