Shafin da Na Aika Mata

A shekarata ta uku a jami'a, nan Gadarif ta ƙasar Sudan, ƴan ajinmu Ustaz suke kirana, kuma ba don girmamawa ba. Dalili shi ne ba na kawo magana sai na faɗi littafin da na gan ta da lambar shafi. Ko musun ƙwallo ake a gindin bishiyar nim, wato darbejiya, wurin mai shayi, ni dai ina gefe da wayata. Bakina bai cika buɗewa ba, in kuwa ya buɗe, lamba ce ke fara fitowa.

Akwai wata yarinya a ajin, ƴar unguwarmu. Kakanninta da nawa tare suka taso daga yamma da niyyar hajji, suka yada zango a nan, zangon da har yau ba a tashi ba. Tana sa tabarau mai kauri, kuma in ta yi dariya har ɗakin karatu ana ji. Ina sonta. In ta gaishe ni sai in ce "tamam", wato lafiya lau, in tsura wa takalmina ido har ta wuce.

Littafin takarda wuyar samu yake mana, don haka ta waya muke tura wa juna. Ita ce ma ta turo min wani littafin labari na Larabci ana gab da hutu. Hutun ya faɗo lokacin girbin riɗi, na tafi gonar kawuna ta wajen Fashaga. Da rana in zafi ya kori kowa zuwa rumfa, ma'aikata su miƙe ƙafa, ni kuma in buɗe waya.

A can na ci karo da shafin. Wani saurayi ne ke son ƴar maƙwabtansu, kullum sai ya shirya maganarsa tsaf, da ya gan ta sai harshe ya mutu. Marubucin ya zayyana abin da ke ransa kamar ni ya leƙa. Na duba ƙasan allon: shafi na 112. Na rufe, na sake buɗewa don in tabbatar. Sannan na hau tudun da ake samun sabis na rubuta mata: "Ki duba shafi na 112. Abin da ke can shi ne abin da ke raina game da ke."

Amsa ba ta zo ba har aka gama ɗaure damman riɗi. Da muka koma karatu na gaishe ta, ta kalle ni ta saman tabarau ta wuce. Sai bayan darasi, ina zaune wurin mai shayi, ta zo ta ja kujera.

"Ustaz, ashe haka kake?"

"Haka yaya?"

Ta miƙo min wayarta. Haruffan manya-manya ne kamar wake, saboda idonta, layi kaɗan ya cika allo. Littafin da ke da shafi ɗari uku da wani abu a wurina, a wurinta ya doshi dubu. Shafinta na 112 kuwa wata tsohuwa ce ke ƙorafi kan akuyarta: ga ci, ga kuka, ga rashin gani, kullum tana karo da danga, an kai ta kasuwa an rasa mai saye.

"Ci da kuka na yafe maka," in ji ta. "Amma rashin ganin nan, ya zol, bawan Allah, ka kyauta?"

"Wallahi ba shi ba ne! Tsaya ki gani."

Na ciro tawa wayar. Sai dai tun da na dawo gari manhajar karatun ta sabunta kanta, ta sake jera littafin yadda ta ga dama. Na buga 112, sai ga mutane suna haƙa kabari. Ta leƙo ta karanta.

"To, madalla. Daga akuya sai jana'iza."

Mai shayi, wata dattijuwa da ta san iyayenmu duka, ta daina fifita gawayi ta kasa kunne. Ni kuwa a lokacin har tunanin takardun da na miƙa wa malamai ya faɗo min, kowace cike da lambobin shafi da na kwafo daga wannan wayar, ina ji da su.

Na ce, "Yana cikin babi na bakwai, kusa da ƙarshe. Ba ni minti ɗaya in nemo."

Ta zare wayar daga hannuna, ta jefa a jakarta, ta ja zif.

"Shafin ya gudu, Ustaz. Kai da ka karanta, me ya ce?"

"Wani saurayi ne..."

"Ba ruwana da wani saurayi."

"Ɗana, sha shayinka ka jiƙa maƙogwaro," in ji mai shayi. "Ba inda za mu."

Na kurɓa, ya ƙona min harshe. Na kalli takalmina. Sai na ɗago na faɗa mata, da Hausar gidanmu, a gajarce, muryata kamar ta mai mura. Na ce ina sonta, kuma na daɗe.

Ta cire tabarau tana gogewa da gefen mayafinta, ta ɗauki lokaci tana gogewa.

"Wannan daga wane littafi?"

"Ba daga littafi ba ne."

"To, ka maimaita wa yayana haka ranar Juma'a bayan masallaci. Ka ɗaga murya, shi kunnensa ne ba ya ji sosai."