Jakin Alhaji a Ƙofar Gidana

Jama'a, yau jaki ya yi mini sallama!

Jikana Sani ne ya jawo shi har ƙofar gida, an labta masa burodi. Na ce, "Maigida, ni direba na aura. Ina motar?"

Ya ce, "Kaka, Alhaji mai gidan burodi ya miƙa wa ƙanen matarsa makulli. Wai in kai wannan Kalgo bisa jaki. Daga Gwandu fa! Na aje aikin."

Sai ga wayar Alhaji: "Hajiya, ki shaida, ni ban kore shi ba."

Na ce, "Na shaida, Alhaji. Aiko a tafi da wanda bai aje aikin ba, ga shi nan yana cinye burodin!"