Layin Shanun Baffa Iro

Duk wanda ya san Baffa Iro, ƙanin mahaifina, ya san aljihunsa ba ya rabuwa da tsakuwoyi. Farare biyu su ne shanun huɗa, baƙa ita ce garma, jar kuma Mamman mai riƙe garmar. Gonaki bakwai ne a unguwarmu ta gefen Kademi, amma shanu biyu muka haɗa hannu muka saya, garma ɗaya, Mamman ɗaya. Baffa ke tsara layi. Kana yi masa maganar huɗa zai tsuguna ya zana ranaku a ƙasa, ko a wajen ɗaurin aure ne.

Wata shekara na ce, "Baffa, a sa ni Talata."

Ya jera tsakuwoyinsa. "Talata akwai shanu, amma garma na wajen maƙeri."

"To Laraba."

"Laraba akwai garma, amma Mamman zai kai matarsa awo Gaya."

"Alhamis fa?"

"Alhamis shanu na hutu."

Na ce, "Haba Baffa! Shanu da hutu?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da ka huta tun kaka, wa ya yi magana?"

Mai unguwa ma bai tsira ba. Ya zo da babbar rigarsa yana son a fara da gonarsa. Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, taka laka ce, tana riƙe danshi kwana huɗu. Ta Gwaggo Hure jigawa ce, gobe war haka ta bushe."

"Iro, ni ne fa mai unguwa."

"Sai ka je ka gaya wa ƙasar."

Wallahi Gwaggo Hure aka fara yi wa, mai unguwa ya zo na biyar yana ta cika yana batsewa.

Amma wadda ba zan manta ba ita ce shekarar da damina ta makara. Ruwa ya zo sau ɗaya mai kyau, kowa ya san wanda bai yi huɗa cikin makon nan ba ya yi asarar shekara. Ga ni da iyali, rumbu ya kusa ƙasa, ga ni na bakwai a layi. Na je masa a fusace.

"Baffa, ɗan yayanka ne ni fa!"

"Shanu ba su san zumunci ba."

Na tafi ko sallama ban yi masa ba. Kwana uku sai ga Mamman da shanu a gonata da sassafe. Ya ce Baffa ne ya turo shi. Da yamma na bi ta gonar Baffa, na tarar da tsohon nan shi kaɗai a duƙe, yana tayar da kunya da hannu, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Ashe ranarsa ya ba ni.

Na ce, "Baffa, ka karya layi."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Ban karya ba. Musanya aka yi tsakaninka da wani tsoho marar wayo. Matsa, kana taka min kunya."

Shekarar nan rabin gonarsa kawai ya samu ya shuka, ni kuwa na ciyar da gidana har wata kakar. Har ya rasu bai bari na yi masa godiya ba, da na fara sai ya canja zance.

Ya Allah, Kai Ka ga abin da ya hana ni faɗa. Ka jiƙan Baffa Iro, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka saka masa da abin da ni na kasa.