Ni Baba Ya Sa Na Rubuta Wasiyyarsa

"Goge sunayen nan," in ji Baba, yana leƙen kwamfutata ta saman tabarau.

Muna falonsa a Unguwar Rimi ranar Asabar. Ya ce ba ya son zuwa wurin lauya, sai na nemo masa shafin da ake cike wasiyya a intanet. Har na fara jera sunayenmu, mu 'ya'yansa huɗu.

Ya ce, "Ku Allah ya riga ya raba muku. Sulusi kaɗai ne nawa. Rubuta 'ya'yan Sani."

Sani yayanmu ne, bara ya rasu. Tunda ya riga Baba tafiya, 'ya'yansa ba su da gado.

Na rubuta, na buga takardar, maƙwabta biyu suka sa hannu. Da suka fita na ce, "Baba, ƙanwata Hadiza ta fi ni iya kwamfuta. Me ya sa sai ni?"

"Saboda ranar rabo kai ne za ka fara gardama. To, yanzu da hannunka ka rubuta."

Ban musa ba, don tun ina rubuta wasiyyar, gardama take ƙaiƙayin bakina.

A gidanku, wa za a miƙa wa kwamfutar?