Alhaji Audi Mai Motar Ciyawa

Alhaji Audi Bawa ya yi wa gwamnati aiki shekara talatin da biyar a nan Kaduna, kuma in ka tace shekarun nan ka zubar da ruwan, abin da zai rage a rariya jira ne. Ya jira ƙarin girma, ya jira motar ofis, ya jira kujera mai juyawa irin ta manya. Da akawu ya shiga, da mataimakin darakta ya fito. Amma a Unguwar Shanu in ka kuskura ka ce masa "Mataimaki", ko waiwayowa ba zai yi ba. Darakta ake ce masa. Shi ya raɗa wa kansa, mutane kuma suka karɓa tunda faɗar hakan ba ta cin ko kwabo.

Gajere ne mai tumbi, hula kullum a kafe kamar da ƙusa aka buga ta. Har bayan ritaya biro uku ne a aljihunsa, ko da wani zai zo neman sa hannu. Ba wanda ya zo.

Buri ɗaya ya rage masa a duniya: shugabancin kwamitin filin Idi. Mai riƙe da kujerar ya tattara ya koma Zariya wurin 'ya'yansa, Mai Unguwa Habibu kuma ya ce ran Babbar Sallah zai bayyana sabo. Ba albashi a ciki, ba ko lemo. Amma shugaban shi ke tsayawa kusa da Liman, kuma ana kiran sunansa a lasifika jama'a duk suna ji. Alhaji tunda aka haife shi lasifika ba ta taɓa sanin da zamansa ba.

Ciwon ciyawa kuwa a Unguwar Rimi ya kwaso shi. Can da yana aiki, ran Asabar yakan kai wa maigidansa fayil har gida, a shanya shi a baranda awa biyu ko ruwa babu. Ba abin kallo sai ciyawar harabar gidan, kore shar, a daidaice kamar kan ango ya fito daga wurin aski. A barandar nan Alhaji ya gano sirrin duniya. Abin da ya raba manya da talakawa ba ilimi ba ne, ba gado ba ne, tsawon ciyawa ne. Ta manya gajera ce. Ta talaka kuwa har akuya takan ɓace a ciki.

Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabi kuɗin sallamarsa suka fito. Matarsa Hajiya Delu ta ce a gyara rufin ɗakin baya da ke yoyo. Ya ce to. Ya tafi Kawo sayen kwano, sai ƙafa ta kai shi shagon wani Ila mai tsofaffin kayan waje, 'yan Kwatano. Nan ya gan ta.

Koriyar aba ce mai faɗi, manyan tayoyi a baya, ƙanana a gaba, wuƙaƙe a ƙarƙashin ciki. A sama ga kujera mai majingini har da wurin ɗora hannu. Ba sitiyari, sai sanduna biyu, hagu da dama.

"Ranka ya daɗe, ka tsaya inda manya ke tsayawa," in ji Ila. "Motar yankan ciyawa ce. Ba ta shan mai ko ɗigo, caji ake yi mata kamar waya. Ka tura wannan sandar ka jawo waccan, sai ta juya a inda take, ba ribas, ba neman hanya. Wata takwas tana nan. Kowa ya zo sai ya shafa ya wuce, don ba sa'arsa ba ce."

Alhaji ya hau. Ya tura, ya jawo, motar ta wulwula da shi a wuri guda, shagon Ila ya wuce ta gabansa ya dawo. Kujera mai juyawa ke nan, bayan shekara talatin da biyar. Ko tayi bai yi ba.

Da aka sauke ta a gida, ƙofar zaure ta ƙi ta. Aka kira magini ya fasa bango. Delu tana tsaye da muciya a hannu tana kallon ikon Allah.

"Alhaji, ina kwanon rufin?"

"Sai wani watan."

"Wannan kuma ta mece ce?"

"Ta yankan ciyawa."

Delu ta dubi tsakar gidan. Shi da kansa ya sa aka malale shi da siminti daga bango zuwa bango tun shekarun baya, wai ba ya son taɓo. Ba koren abu sai zogale guda, da ragunanta biyu ɗaure a gindinsa.

"Wace ciyawar?"

"Ke ba za ki gane ba. Tsari ne."

"Na ga alama," in ji Delu, ta koma kan tuwonta.

Sai maganar caji. Wutar layinsu in ta zo da hantsi kafin ka nemo soket ta koma. Dole Alhaji ya riƙa tayar da janareto awa biyar, yana zuba masa fetur, don ya ciyar da motar da ba ta shan fetur. Delu ta ce wa maƙwabta, "Gaskiya ne, ita ba ta sha. Ubanta ke sha mata."

Abin da ya fi ƙona masa rai ma ba wannan ba ne. Motar ba ta da ƙara. Ya fito da ita lungu ran farko yana jiran mutane su leƙo, sai ta riƙa tafiya sumul kamar mage za ta saci nama. Har ya kai bakin titi ya dawo, mai shayi ne kaɗai ya ɗaga kai, shi ma ya ɗauka asibiti ne suka ba shi saboda ƙafa, ya ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Darakta."

To, ga yadda filin Idin unguwar yake, kowa ya sani in ban da mutum ɗaya. Daga ruwan farko ba mai taɓa ciyawarsa, ba a kuma sakin dabba a ciki. In Sallah ta rage kwana goma, Mai Unguwa zai fito da igiya, shi da Hamisu mai faci da ke riƙe masa ɗaya bakin, su raba filin kashi-kashi ga gidajen da ke kiwon raguna, a jera duwatsu a kan iyaka. Kowa ya riƙa zuwa da laujensa yana yankan ta yini ɗaya. Raguna su ciko daidai lokacin kasuwa, ran jajibere kuma fili ya yi fes ba a biya kowa ba. Haka aka taso aka tarar.

Alhaji shekararsa ashirin da biyu a unguwar, bai taɓa sani ba. Ya fita bakwai na safe, ya dawo da magariba. Ran Idi kaɗai yake ganin filin, a share, ya ɗauka hukuma ke yi. Sai bana da ba shi da wurin zuwa ya ga ciyawa har gwiwa, ya girgiza kai ya ce wannan shi ne rashin shugabanci. Nan take ya ga hanyar lasifika a buɗe.

Ran Talata aka yi rabo. Ran Laraba da hantsi, maza suna wurin nema, mata suna cikin gida, Alhaji ya sulalo da motarsa cike da caji. Da fari ya bi filin da ƙafa ya tsince duwatsun kaf ya watsa a kwata, yana tsine wa iyayen da ba sa kwaɓar 'ya'yansu. Sannan ya hau. Da mai ƙara ce, da minti biyu ba za a yi ba wani ya fito ya riƙe shi. Amma shiru take aikinta. Ya je, ya juya a wuri guda, ya dawo, ya sake bi don ta kwanta sosai. Kafin azahar abincin rago arba'in na kwana goma ya ƙare.

Kuma ita ba yanka take yi irin na lauje ba, da za a tattara a ɗaure. Niƙewa take yi. Abin da ta bari wani kore ne dagwab, manne da laka, ko tsintsiya ba ta ɗaukarsa.

Yana zagayen ƙarshe Harira ta iso da lauje da buhu. Mijinta ya rasu da daɗewa, raguna uku take turkewa duk shekara, su ne jarinta. Ta tsaya a bakin fili baki buɗe.

"Darakta! Ina ciyawata?"

"Sannu Harira. Ba sai kin gode ba, aikin al'umma ne."

"In gode? Daga dutsen can zuwa bakin kwata rabona ne! Ina dutsen ma?"

"Na kwashe. Yaran unguwar nan ba su da tarbiyya."

Harira ta duƙa ta damƙo niƙaƙƙen abin ta kai masa har hanci. "Wannan rago zai ci, ko miya za mu kaɗa da shi? Jama'a! Ku fito ku ga Darakta ya yi wa filin Idi askin ƙwaryar molo!"

Abin da motar ta kasa yi a wata guda, muryar Harira ta yi a minti ɗaya. Unguwa ta fito. Alhaji ya ga mata da lauje sun nufo shi, ya ce bari ya ja da baya. A ruɗe ya tura sanda ɗaya ya finciko ɗaya. Motar ta kama juyi a wuri guda kamar katantanwa, babbar riga tana tashi, yana ta kiran sunan Allah. A zagaye na biyar hular nan da ba a taɓa ganin ta motsa ba ta yi tsalle ta faɗi a ƙafar Harira. Ba ta ɗauka masa ba.

Bayan la'asar aka zauna a ƙofar gidan Mai Unguwa.

"Alhaji Audi, shekararka nawa a cikinmu?"

"Ashirin da biyu, ranka ya daɗe."

"Ragunan gidanka, me suke ci duk Sallah?"

Alhaji bai taɓa tambaya ba. Delu ma tana da rabonta a filin, shi ma ya niƙe shi.

"Ranka ya daɗe, ai ba a rubuta ba," ya ce, yana taɓa biro. "Ba allo, ba takardar sanarwa. A ƙa'ida..."

"Ba a rubuta ba don kowa ya sani," in ji Mai Unguwa. "Ga abin da za a yi. Hamisu zai kwance wuƙaƙen nan, a ɗaura mata amalanke a baya. Akwai Zamfarawa masu yankan ciyawa a fadama. Kullum ka je ka ɗauko ka sauke a bakin fili, a raba, har jajibere."

"Maganar kwamiti fa, ranka ya daɗe?"

Wani a baya ya fashe da dariya. Mai Unguwa ya ce, "Allah ya kai mu Sallar."

Alhaji ya ɗauki wannan a matsayin alkawari. Shi ya sa ya yi jigilar da zuciya ɗaya, sawu biyu a yini, yana zaune a kujerar darakta, tulin ciyawa na binsa a baya, 'yan acaɓa suna yi masa hon suna cewa, "Alhaji, nawa ne zuwa Kurmin Mashi?" Delu takan tare shi a lungu ta zari na ragunanta tun kafin a raba, ta ce ladan bangon da aka fasa ne. Cikin kwana uku sunan Darakta ya bi ruwa. Ko mai shayi Mai Motar Ciyawa yake cewa.

Ran jajibere fetur ya yanke wa janareto a tsakiyar caji. Alhaji ya ce ai motar za ta kai. Ta kai ɗin, amma daidai ƙofar filin, inda ba wata mashiga sai ita, batir ya ce ga garinku. Aka tura, tayoyi suka ƙi motsi. Ya kira Ila, Ila ya ce akwai wani abu da ake saki a ƙasa, yana cikin littafinta, littafin kuma bai biyo kwantena ba. Hadari ya taso, kowa ya kwashi ciyawarsa ya gudu. Alhaji ya ce gobe ma rana ce, ya manta goben wace rana ce.

Da safe ya sha shadda fara mai aiki, ya rigaya kowa, ya raɓa ta gefen motar kamar bai san ta ba, ya shimfiɗa dardumarsa a sahun gaba. Fili ya cika. Shi kansa ya ga ciyawar ta yi kyau, yana ta satar kallon mutane ko wani zai yaba.

Sai lasifika ta yi gyaran murya.

"Sanarwa, sanarwa. Alhaji Audi Bawa. Alhaji Audi Bawa. Alhaji Audi Bawa."

Har sau uku. Ya miƙe a hankali yana saɓa hannun riga, ya juyo ya fuskanci jama'a, har ya fara ɗaga hannu.

"Don Allah ya zo ya janye motar ciyawarsa. Ta tare hanya, motar Liman ta kasa shigowa."

Ƙarti shida ne suka cicciɓe ta cikin kayan Sallarsu, suna nishi suna faɗin abin da bai dace da ranar ba, Alhaji yana biye yana cewa a yi hankali da kujerar. Kafin ya dawo wani ya gaje wurinsa, a sahu na tara ya yi sallah. Daga can ya ji an sanar da Hamisu mai faci a matsayin shugaban kwamiti, mutumin da ya yi shekara goma sha biyar yana riƙe bakin igiya.

Yau in ka shiga gidan ta bangon da aka fasa za ka same ta a gindin zogale, tayoyi sun sace. Delu ta ce ba ta taɓa samun turke mai ƙarfinta ba, rago biyu take ɗaurewa a sandunan. Ɗakin baya yana nan yana yoyo. Da yamma Alhaji yakan kore kaji ya hau kujerar da jaridarsa da bironsa uku. Ba ta juyawa yanzu, sai dai shi ya juya wuya. In ka tambaye shi yaushe za ta tashi, zai ce maka ya yi odar sabon batir daga waje, yana jira.